Wai DJ ba shi da bakin kuka da waƙoƙin AI?

Tun da kamfanin Deezer, mai dandalin sauraron waƙoƙi ta intanet, ya bayyana a 2025 cewa kullum dubun-dubatar waƙoƙin da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta haɗa ne ke kwararowa dandalinsa, wata magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wai masu kiɗan na'ura da DJ su ja bakinsu su yi shiru, ai su ma da ma maɓalli suke dannawa, yanzu an samu wanda ya fi su saurin dannawa. Har wani abokina da nake ganin girmansa ya faɗa min haka yana dariya.

Mai wannan ra'ayi bai san David Holmes, DJ kuma mai haɗa kiɗan finafinai, ba. An haife shi a Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, a 1969, shekarar da rikicin Ireland ta Arewa ya rincaɓe, rikicin da ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. Shi ne auta cikin 'ya'ya goma, ya yi aikin gyaran gashi, kuma tun yana saurayi yake tara faifai. A garin da sunan unguwarku kaɗai ke tona ko kai ɗan Katolika ne ko ɗan Furotesta, shi da abokinsa suka riƙa shirya daren rawa mai suna Sugar Sweet a kwalejin zane-zane ta birnin, 'ya'yan ɓangarorin biyu suna cakuɗuwa a ɗaki guda. Wanda ke tsaye gaban irin wannan taro ba maɓalli yake kallo ba, fuskoki yake karantawa, ya san faifan da zai ɗaga su da wanda zai kwantar da su. Wace manhaja ce ta taɓa jin tsoron hanyar komawa gida?

Sai maganar kunne. Da darakta Steven Soderbergh ya ba shi kiɗan fim ɗin Ocean's Eleven na 2001, Holmes ya saka wata waƙar Elvis Presley ta 1968 da kusan kowa ya manta da ita, A Little Less Conversation. Shekara na zagayowa wani ɗan Holan ya sake mata kiɗa, ta haye matsayi na ɗaya a Birtaniya, shekara 25 bayan rasuwar mai ita. Na'ura tana bin abin da jama'a suka fi saurare ne, ta ƙaro irinsa. Waƙar da ƙura ta rufe ba za ta ma shiga lissafinta ba.

Za a ce ai haka aka yi kururuwa da fiyano ya shigo situdiyon Kano, kuma duniya ba ta tashi ba. Sai dai mai fiyano mutum ne, yana da suna, ana biyansa, in ya yi shirme a zage shi.

Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne kuɗi. Dandalin sauraro tukunya ɗaya suke rabawa gwargwadon yawan saurare, don haka duk kwabon da waƙar bogi ta ja, daga kason wani mai rai aka yanko shi. Holmes ya riga ya tsallake, yana da kyautar BAFTA, lambar yabon fim da talabijin ta Birtaniya, ta kiɗan shirin talabijin na Killing Eve. Yaron da ke ɗaki a Cork ko Derry na tsibirin Ireland da kwamfutar aro shi ne zai ji a jikinsa. A manna wa waƙoƙin AI alama kowa ya gani, a ware musu tasu tukunyar, in ya so masu cewa duk ɗaya ne su je can su yi ta saurare.