Kada a manta da Pieter Daens

Na ji daɗin labarin da kuka wallafa kan Fada Adolf Daens, limamin cocin da ya tsaya wa talakawan Aalst a Beljiyam, amma kun wuce ƙanensa Pieter da layi ɗaya, kuma hakan ya dame ni. Shi ne fa mai injin buga takardu. Tun 1872 yake fitar da jaridar De Werkman, wato "Ma'aikaci", da harshen da ma'aikatan masaƙu ke ji, a lokacin da manyan ƙasar ke mulki da Faransanci. Ku duba yaran da ke wuni a masaƙa suna shaƙar ƙurar auduga, ga jarida tana faɗar halin da suke ciki ba tsoro!

Da aka kafa jam'iyyarsu ta Christene Volkspartij, wato "Jam'iyyar Jama'a ta Kirista", a 1893, jaridun Pieter ne suka kai saƙon gida-gida. Charles Woeste, jigo a jam'iyyar Katolika, da masu kuɗin jam'iyyar sun sa su a gaba, bishop na Ghent ya dakatar da Adolf daga aikin limanci, amma Pieter bai ajiye alƙalami ba. Ya shiga majalisa a 1904, yana wakilci har rasuwarsa a 1918. Don Allah ku ware masa labari nasa na kansa.