Wai mun cika son takarda

Saƙon ya iso ni tun kafin in naɗe dardumar Isha'i. Wai mu 'yan kwamitin marayu mun cika son takarda, wata biyu muna safa da marwa tsakanin ofis da banki kamar masu neman biza, alhali wani da wayarsa kaɗai ya tara abin da ba mu tara a shekara ba. To madalla. Ban kama suna ba, ba kuma zan kama ba. Gadarif ɗinmu ta nan Sudan ba ta yi girman da mutum zai ɓace a cikinta ba.

Yawo kam mun sha shi. Sai da muka yi rajista a Mufawwadiyya, hukumar agajin jinƙai, yadda dokar 2006 ta tanada, kafin banki ya dube mu. Suka ce a kawo shahadar rajista, da tsarin ƙungiya, da takardar zaman da aka zaɓi masu sa hannu, kowa da raƙam waɗaninsa, wato lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa. Har yau ina ganin Baba Liman a kan bencin nan, tabarau ɗaure da zare, sau uku yana sa hannu don na farko da na biyu sun ƙi kama da juna. Bai yi tsaki ba. Cewa ya yi aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma kan rubutu da shaidu ta sauka.

Asusun da sunan ƙungiya yake. Mutum uku ke da hannu a kai, kuma sai biyu sun haɗu ake fitar da ko sisi. Ni da nake ma'aji ko kuɗin shayi ba na iya cira ni kaɗai, kuma wallahi barcina ya fi daɗi a haka.

Ma'aikacin banki ya so mu zuba kuɗin a ajiyar mudaraba, riba halal. Muka yi shawara muka ce a'a. Kuɗin da aka ɗaure wata da watanni ba ya ɗora tukunya, ga fam yana narkewa kamar ƙanƙara a rana. Muka buɗe hisab jari, wato asusun zubawa da cirewa a kowane lokaci, abin da ya taru mu sayi dawa da kaka tana araha mu jibge a ɗaki. Muka kuma zaɓi bankin da reshensa ke kusa, wanda ƙafa ke kaiwa, domin ba mu manta Fabrairun 2024 ba, da layukan waya suka ɗauke ɗif, ga baƙin da yaƙi ya koro daga garin Madani cike da makarantu, kowa riƙe da waya kamar mataccen ƙadangare.

Shi kuwa gwanin, lambar asusu ɗaya ce tal. Nan kuɗin riɗinsa ke shiga, nan ake turo sadakar marayu, nan uwargida ke karɓar na cefane. Ba laifin Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ba ne, mu ma da shi muke sayen gawayi. Amma in ka tambayi lissafi sai a turo maka hoton ish'ar guda, wato saƙon shigar kuɗi, a bi shi da hoton yaro riƙe da kwano. Na shiga muna gani. Na fita fa? Sai a ce maka ai aikin Allah ba ya son tone-tone.

Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni, tunda rai ba a hannunmu yake ba. In ta Allah ta kasance yau da dare, banki sunan wa ya sani? Naka. Kuɗin nan ya zama gado ke nan, a kasafta wa magadanka, marayu su koma shaidar baki. Wa zai tsaya gaban alƙali ya rarrabe kuɗin riɗi da na sadaka a cikin tulu ɗaya? Ko kai da ranka ban ce za ka iya ba.

Af, har na manta. Lokacin canjin kuɗi, Disambar 2024, da aka ce tsofaffin 'yan ɗari biyar da 'yan dubu sai ta asusun banki, an ga wani a layi da buhu, yana goge gumi yana cewa amanar bayin Allah ce. Da sunan wa amanar ta shiga, shi da mai karɓa suka sani. Mu dai muna taya murnar sababbin raksha, masu ƙafa ukun nan na haya, guda biyu, Allah ya tsare hanya. Mai kaza a aljihu dai an ce ba ya jimirin as, ni kuwa as ɗin kawai na ce.

Ranar Juma'a bayan an sallame, takardar banki ta wannan wata za ta hau bangon masallaci kamar kullum, shiga da fita, har da ladan da banki ya yanka. Na sa yara sun kafa ƙusa ta biyu a gefenta. Mai takarda ya zo da tasa.