Docker da kwaɗon Alhaji

A ɗan kamfaninmu na Gusau, Alhaji ya gaji da kuɗin data. Ya ce manhajojin da muke sauke wa daga intanet kullum, a yi musu rumbu a ofis. Abu mai sauƙi: Docker ne ke tafiyar da manhajojinmu, daga ƙunshin da ake kira hotuna (images), sai na tada rumbun waɗannan hotunan a wata tsohuwar kwamfuta, a ƙofar sadarwa (port) ta 5000 yadda aka saba.

Da na zo tura hotunan daga babbar sabar, wato kwamfutar da manhajojin ke aiki a kanta, sai Docker ya murtuke. Shi a ɗabi'arsa ba ya hulɗa da rumbun da ba ya magana da HTTPS, wato hanyar da ke ɓoye saƙo, sai fa in a cikin kwamfutar da yake zaune rumbun yake. Namu kuwa HTTP ne tsirara, ba takardar shaidar da HTTPS ke buƙata.

Wani abokina ya ce in zuba umarnin da zai sa ya yarda da rumbun a fayil ɗin /etc/default/docker. Na zuba, na sake tada shi, ko gezau. Ashe tun da Ubuntu, babbar manhajar sabar, ta koma tada manhajoji da systemd a 2015 wannan fayil ya zama dattijon da ake gaisarwa amma ba a jin maganarsa. Na koma /etc/docker/daemon.json, na rubuta "insecure-registries" da adireshin rumbun da lambar ƙofa, na duba waƙafi ɗaya bayan ɗaya, domin JSON ba ya yafe ko guda. Na buga systemctl restart docker.

Bai tashi ba. Manhajar albashi, ta rasit, duk suka kwanta tare da shi, ga shi ƙarshen wata.

Alhaji ya leƙo. "Malam, mi ya hwaru?"

"Ranka ya daɗe, yanzu zai tashi."

"Kai ma hakanan ka ce ran da janareto ya ƙone."

Gumi na zuba na buɗe journalctl, mai nuna rahoton abin da ya faru a sabar. Wai laifina an faɗa wa Docker magana ɗaya sau biyu! Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya taɓa cusa --insecure-registry a layin ExecStart, layin da ake tada Docker da shi, da adireshin wani rumbu da ya daɗe da mutuwa, ya kama gabansa. Docker kuwa in ya ga umarni guda a layin tashi da kuma daemon.json, ba ya zaɓar ɗaya, zuciya yake yi ya ƙi tashi gaba ɗaya. Na goge na layin, na yi daemon-reload don systemd ya ga gyaran, na sake tada shi, ya miƙe kamar ba shi ba. Na duba docker info, ga rumbunmu a jeri.

Don sauke nauyi na gaya wa Alhaji gaskiya: abin da ke wucewa tsakanin kwamfutocin nan a buɗe yake, duk wanda ya shigo layin ofis zai iya leƙawa, gara mu yi takardar shaida. Ya yi shiru, ya gyaɗa kai, ya aiki yaro kasuwa. Kafin La'asar ɗakin sabar ya sha ƙaton kwaɗo.

Washegari aka ɗauke wuta, sabar ta mutu, sai an danna mata maɓalli da hannu. Na kira Alhaji. Yana Ƙauran Namoda wajen ɗaurin aure, makullin na aljihun babbar rigarsa.