Kiɗan Romaniya na ƙauye ne, ba na gwamnati ba

A Romaniya mai kunne yana jin kiɗa zai gaya maka yankin da ya fito tun mawaƙi bai buɗe baki ba. A Maramuresh can arewa goge ne da ganga da wata gita da suke ce wa zongora, a duwatsun Apuseni kuwa mata ne ke busa tulnik, wani dogon ƙaho na katako wanda ya fi mutum tsawo, da shi ake kiran juna daga wannan tudu zuwa wancan. Ga kuma doina, waƙar mutum ɗaya da ake jan murya cikin kewa, makiyayi ya rera ta a bayan tumakinsa ba mai sauraro, wadda UNESCO ta sa cikin jerin kayan gado a 2009.

Ni dai a ganina ba abin da ya cuci wannan kiɗa kamar gatan da gwamnatin kwaminis ta ce ta yi masa. Daga 1976 shugaban ƙasar, Chaushesku, ya kafa wata gasa ta ƙasa baki ɗaya, aka dinga kwaso ƙauyawa ana jera su a dandamali cikin kaya fes, ga tarin makaɗa suna bin takarda, ga baitocin yabon jam'iyya da aka cusa, kiɗan ya shiga talabijin kam amma duk ya koma kusan iri ɗaya. Wasu za su ce ai da ba don haka ba da tuni ya mutu. Ban yarda ba gaskiya, gidan biki ne ya riƙe shi.

Su waye a gidan bikin? Lautari, makaɗan gado, akasarinsu 'yan ƙabilar Roma (waɗanda Turawa ke ce wa Gypsy), waɗanda bayi ne a Walakiya, yankin kudancin ƙasar, har 1856. Ɗa ya koya wajen uba da kunne, ba makaranta ba takarda. Makaɗan ƙauyen Klejani sun zaga Turai bayan faɗuwar gwamnatin kwaminis a 1989 ana tafa musu, a gida kuwa har yau kallon raini ake wa Roma, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mun san masu cashewa da kiɗan makaɗi amma su hana shi auren 'yarsu.

In ma'aikatar al'adu a Bukarest, babban birnin ƙasar, na da kuɗin kashewa, to ta kai Klejani da Maramuresh, ta biya tsofaffin nan su koya wa yara goge kafin samarin su gama tafiya Italiya da Sifen aikin gini.