Wai a cire falsafa da tarihin ilimi, a bar masa lissafinsa

Ɗalibin NCE fa, wato mai karatun zama malami a kwalejin ilimi, ɗan aji uku, yana shirin fita TP, wato gwajin koyarwa a makarantu, shi ne ya fito ya ce darussan falsafar ilimi da tarihin ilimi ɓata lokaci ne, a cire su a bar masa lissafinsa. Har da masu yi masa tafi. Madalla, Allah ya ƙara basira! Gobe in aka danƙa maka aji maƙil da yara a Bolari ko Pantami cikin Gombe, sai lissafin ya gaya maka yadda za ka yi da yarinyar da ta kifa kai a benci saboda ba ta karya ba, ko yaron da ya san amsa amma bakinsa ke rawa don tsoron dorina.

Yaro ba ƙwaƙwalwa ba ce zalla, ƙanena. Yana da ciki, yana da zuciya, yana da hannu, yana da gidan da ya fito. Abin da darussan nan ke son cusa maka ke nan, kuma ba jiya aka fara faɗa ba. Pestalozzi, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1827, a kan abu uku ya kafa koyarwarsa: kai da zuciya da hannu, kuma a kan marayu da 'ya'yan talakawa ya gwada.

Ka ce zancen Turawa ne? To dawo gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta naɗa mace jaji, wato malama mai kai karatu ga mata, sai dattijuwar da aka yarda da halinta, ta ba ta malfa da jan rawani, ta tura ta ƙauyuka da karatu a waƙe yadda matan karkara za su riƙe. Hali aka fara dubawa kafin a ce je ki koyar. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa (Hanns Vischer) ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909 ma tana da sashen sana'ar hannu. Abubakar Tafawa Ɓalewa shekara biyar ya yi a Kwalejin Katsina, 1928 zuwa 1933, kafin ya dawo ya riƙe alli a Midil ta Bauci. A Midil ɗin nan Malam Aminu Kano ya koyar, kuma a garin ne shi da Sa'adu Zungur suke zaman tattauna halin da talaka ke ciki. Ka ga alamar mutanen da aikinsu ya ƙare a bakin allo?

Da ka tsaya ka saurari darasin tarihin da kake zagi, da ka san inda muka karye. Da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976 yara suka yi ambaliya, aka shiga yaye malamai a gurguje. Da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku-uku a ƙaramar sakandare da babba, huɗu a jami'a) ya zo a 1982 don yaro ya fita da sana'a, aka sayo injina, da yawansu suka yi tsatsa a akwati, ba wuta, ba malamin da ya iya su. An manta da hannu, an manta da zuciya, an bar hadda.

Na san abin da za ku ce: ai lakcarori handawut kawai suke karantowa, a haddace sunaye a zuba a jarrabawa don gudun kariyoba, wato maimaita darasi. Gaskiya ne, akwai masu yin haka. To sai a gyara koyarwar, wa ya taɓa rushe masallaci don liman bai iya ƙira'a ba? Masu zancen albashi kuma, na ji ku, ni ma ina jira, amma ba albashi ne ke hana ka sanin sunan yaron da ke bencin baya ba.

Wallahi ba don in ci mutuncin yaron nan nake rubutu ba. Tausayin waɗanda zai tsaya a gabansu nake ji, 'ya'yanmu ne.

Af, tunda an zo zancen hannu: wai ina lambunan makarantu suka shiga ne? Firamaren unguwarmu da muke shuka gyaɗa da kuɓewa a bayan aji, yanzu shaguna ne reras, har da mai cajin waya. Wa ke karɓar kuɗin hayar?