Ranar da na so sanyaya koko da leza

Ɗan yayata da ke karatun fiziks a jami'ar KNUST ta Kumasi ne ya jawo min. Muna zaune a ƙofar gida a Aboabo bayan isha'i ya ce, "Kawu, ka san ana kama ƙwayar zarra guda tak a tsare ta?" Na ce yaro, ni sauro guda ya gagare ni cikin gidan sauro.

Ya ce sai an fizge mata elektaron ta zama ayon, wato ƙwaya mai caji, sannan lantarki ke iya riƙe ta. Tarkon na wani Bajamushe ne, Wolfgang Paul, wanda ya samu kyautar Nobel a 1989 tare da Hans Dehmelt. Ana juya wutar sau miliyoyi a daƙiƙa, kafin ta sulale ta nan an toshe, ta juya can an toshe. A 1980 a Heidelberg har hoton ƙwayar zarra ta sinadarin bariyam guda aka ɗauka.

Inda kunnena ya miƙe shi ne da ya ce da hasken leza ake sanyaya ta. Wai zafi motsi ne. Ana saita launin hasken ƙasa kaɗan da wanda take haɗiya, sai ta nufo shi da gudu take haɗiyarsa, ya bangaje ta. Kamar ka shiga kasuwar Kejetia da sauri, duk inda ka dosa ɗan dako ya tare ka, dole ka lafa.

Ni kuwa ina da 'yar leza a jikin makullin babur.

Washegari Maman Sadiya ta ajiye min koko yana tururi, ga ƙosai, ga ni na makara. Na duba hagu da dama, na haska jan ɗigo a tsakiyar kwano. Minti biyu, na kurɓa, harshena ya saluɓe. Na ce ƙila sai ta gefe, na karkata hannu.

Ashe kyanwar gidan na ƙarƙashin benci tana bin ɗigon da ido. Tsalle ɗaya! Kwano sama, koko a farar shaddata.

Yaron ya fito yana riƙe ciki. "Kawu, sai fa an zuƙe iska kakaf, kuma ƙwaya ɗaya na ce, ba kwano ba!"

Maman Sadiya ta dubi ƙasa ta ce, "To Alhaji, ai ga shi ya huce."