Alhudahudan da ke cikin waya

Tun da na shiga harkar kallon tsuntsaye, littafina ya fi ƙarfin barcina. Duk tsuntsun da ido ya gani sai na rubuta sunansa, da rana, da sunansa na kimiyya mai kalma biyu, irin tsarin da Carl Linnaeus ya kafa a 1758. Jinsin tsuntsaye a duniya ya kai kusan 11,000, ni kuwa balbela da hankaka da kurciya ne suka cika min shafuka. Alhudahuda, wato Upupa epops, ya ƙi yarda mu haɗu.

Wata safiya ina bakin wani kurmi sai na ji "hup-hup-hup" daga can ciki. Gabana ya faɗi. Na rataye madubin hangen nesa, na ciro waya na kunna kukan alhudahuda don ya matso. Ya amsa! Na sake kunnawa, ya sake amsawa, har da ƙarin kuzari. Na durƙusa na shiga rarrafe. Ƙaya ta kama min riga, na bar mata hannun riga guda. Tururuwa suka hau ƙafata, na cije leɓe, domin mai neman tsuntsu ba ya ihu. Ni dai a raina har na zaɓi layin da zan rubuta shi.

Da na ɗaga reshen ƙarshe, sai ga wani dattijo a tsugune, da madubi a wuya, waya a hannu, yatsa a kan maɓalli. Muka yi cirko-cirko.

"Yaro, kai ne alhudahudan?"

"Baba, ai na ɗauka kai ne."

Muka zauna muna cire ƙaya. Shi ma ya baro hularsa a wani reshe. Don in farfaɗo da mutuncina na miƙa masa littafina. Ya bi shi layi-layi, ya tsaya a kan shirwa.

"Me ya sa ka rubuta ta sau biyu?"

Na ce ai ɗaya mai baƙin baki ce, Milvus migrans, ɗaya mai rawayan baki, Milvus aegyptius. Ya ce masana ba su taru a kan haka ba: wasu sun raba su jinsi biyu, wasu sun ce jinsi ɗaya ne mai rassa, shi kuma yana tare da masu haɗawa. Bai tsaya nan ba. Wai ita mai rawayan bakin ma, tana ƙarama bakinta baƙi ne, don haka wataƙila uwa da 'ya na ƙirga.

Kafin in buɗe baki ya zaro biro daga aljihuna, nawa fa, ya soke layi guda. Sannan ya tambaye ni ko na ga hula a hanya.